An ce ƙanena ya biya lauyan matar da suka rabu: ɗaukaka ƙara za ta fisshe shi?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kotun Amurka, musamman jihar Kalifoniya. Ƙanena ne yake zaune a can yana aikin asibiti, aure ya mutu tsakaninsa da matarsa, 'ya'yansu uku. A Kano aka ɗaura auren nan, aka biya sadaki, ya kai ta can da kuɗinsa. Ita ta shigar da ƙara. Alƙali ya raba gida da abin da ke banki gida biyu, ya ɗora masa kuɗin yara da nata na wata-wata. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, an ce ya biya lauyanta dala 30,000, aka ƙara masa da tara ta dala 10,000. Ita ta ja shi kotu, ita ta ɗauko lauya, amma shi zai biya? Dangi sun ce a haɗa kuɗi ya ɗaukaka ƙara, tunda auren Musulunci ne. Idan ya ɗaukaka za a dakatar da biyan? In kuma ya faɗi, me zai biyo baya?

Musbahu:
Wa alaikumus salam. Yaya, ku ɗaukaka kawai, wannan zalunci ne tsagwaronsa. Ko ba a ci ba, a ja ta shekara biyu tana zaryar kotu, da kanta za ta nemi sulhu ta haƙura da wani abu.

Barista Hadiza:
Wa alaikumus salam Baban Walid, Allah ya kawo mafita. A wannan jihar nake aikin lauya, zan faɗi yadda dokar take, amma lauyan da ya riƙe fayil ɗin ne kaɗai zai iya cewa ga matsayin ƙanenku.

Malam Musbahu, da kai zan fara, domin shawararka ce ta fi haɗari. Abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da ake cin mutum tara a kansa. Tun 1982 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Flaherty, ta ce hanya biyu ce ɗaukaka ƙara ke zama wasa da kotu: ko an shigar da ita don a gallaza wa ɗaya ɓangaren ko a jinkirta hukunci, ko kuma ba ta da tushe sam, yadda duk lauya mai hankali zai ce babu komai a cikinta. Saƙo irin naka idan ya fito daga wayar ƙanen nan ya faɗa hannun lauyan matar, ba ya buƙatar wata hujja kuma.

Baban Walid, kuɗi iri biyu aka ɗora masa, kuma kowanne da dalilinsa. Dala 30,000 ɗin, bisa ga dukkan alamu, ƙarƙashin sashe na 2030 na Dokar Iyali ne. Wannan ba horo ba ne, kuma babu ruwansa da wanda ya fara kai ƙara ko wanda ya yi nasara. A Amurka asali kowa shi ke biyan lauyansa, sai inda doka ta ce akasin haka, kuma shari'ar aure na cikin wuraren. Alƙali kan duba abin da kowa yake samu. Idan ɗaya na iya biyan lauya biyu, ɗayan ko guda ba zai iya ba, sai a ce mai hali ya tallafa don kowa ya samu mai tsaya masa. Ba a ce miji ba, an ce mai hali. Na ga matan da suka biya lauyan mazajensu saboda albashinsu ya fi.

Tara ta dala 10,000 kuwa wani abu ne daban. Wannan sashe na 271 ne ko ɗan'uwansa na ɓoye dukiya, kuma ba a ɗora ta sai mutum ya yi abin da ya tsawaita shari'a ya ƙara mata tsada. Shi ya sa nake tambaya: me alƙali ya rubuta a matsayin dalilin tarar?

Hajiya Binta:
Yauwa Barista, tambayar da ke bakina ke nan. Alƙali ba ya tashi haka kawai ya ci mutum tara. Baban Walid, a gaya mana sauran labarin.

Baban Walid:
Hajiya, babu abin ɓoyewa. Akwai gida da ya gina a nan Kano, ni na tsaya a kan aikin tun daga fandisho har rufi. Da aka ce ya lissafa kadarorinsa bai sa shi ba, don a ganinsa kotun Amurka ba ta da hurumi a kan gidan da ke Najeriya. Ita kuma tana da hotunan ginin da nake turo musu a WhatsApp, har da rasit na siminti da rodi, da takardun kuɗin da yake aikowa. Lauyanta ya tattara ya kai wa alƙali.

Barista Hadiza:
To nan gizo ke saƙa. A Kalifoniya, duk abin da aka samu da albashin da aka karɓa cikin aure na mutum biyu ne, a Sakramento, babban birnin jihar, yake ko a Kano. Kowane ɓangare yana cika takardar lissafin kadara da bashi, ya sa hannu bisa rantsuwa, kuma ba a keɓe abin da ke ƙetare ba. Gaskiya ne alƙalin Kalifoniya ba zai aiko a sayar da gida a Kano ba, amma mutumin yana gabansa, zai iya lissafa darajar gidan ya cire rabon matar daga abin da ke hannu.

Kuma wallahi an yi masa da sauƙi. A shari'ar Feldman ta 2007, attajirin da ya riƙa ɓoye wa matarsa wasu harkokin kuɗinsa an ci shi tarar dala 250,000, da kuɗin lauya dala 140,000, ya ɗaukaka ƙara aka tabbatar. A shari'ar Rossi ta 2001 mace ce ta ci cacar gwamnati ta sama da dala miliyan 1.3, ta yi shiru ta nemi a raba auren. Da asiri ya tonu, kotu ta ba mijin kuɗin gaba ɗaya, ba rabi ba. Dokar da aka yi amfani da ita a kanta tana nan, kuma da alƙali ya gamsu cewa da gangan aka ɓoye gidan Kano don a cuce ta, zai iya ba ta darajarsa duka.

Musbahu:
Barista, duk wannan dokar Turawa ce. Mu a gaban liman aka ɗaura, da waliyyi da shaidu. Ina Shari'a ta ce a raba dukiyar miji biyu? Ai wannan kaɗai ya isa hujjar ɗaukaka ƙara.

Barista Hadiza:
An riga an gwada, Malam Musbahu. Shari'ar Shaban, 2001. Likita ne da aka ɗaura musu aure a Masar a 1974, suka zauna a Kalifoniya. Ya kawo takardar auren ya ce ita ce yarjejeniyar cewa dokar Musulunci za a bi wajen rabon dukiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce takardar ba ta fayyace sharuɗɗan komai ba, don haka ba za ta tsaya a matsayin yarjejeniya ba, aka raba dukiyar da dokar jihar. Takardar shaidar aure da ake bayarwa a gida, mai sunan ango da amarya da waliyyi da adadin sadaki, ba ta fi wannan bayani ba. Wanda yake son a bi wani tsari daban, tun kafin aure ake rubuta yarjejeniya dalla-dalla bisa ƙa'idar jihar. Idan lauya ya tafi kotun sama da wannan hujja kaɗai, alhali ga hukuncin da ya gabata, ya kusanci layin da na ambata.

Malam Auwalu:
Jama'a a bi a hankali, ana cakuɗa mas'ala biyu. Raba dukiyar miji biyu don kawai an yi aure, wannan ba mu san shi a fiƙihu ba. Dukiyar miji tasa ce, ta mace tata ce, sai abin da ta tabbatar ta zuba a ciki. A nan ina tare da Baban Walid, kuma ita baiwar Allah ya kamata ta tambayi malamai abin da ya halatta ta riƙe.

Amma batun a ɗora wa mai taurin kai kuɗin shari'a, kada a ce Turawa suka ƙirƙiro. A cikin Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, an ce ladan ɗan aiken kotu yana kan mai neman haƙƙi, amma idan wanda ake ƙara ya yi gardama da jan ƙafa, to kansa ladan ke komawa. Hadisi ingantacce ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne. Wani kuma ya ce mafi ƙin mutane a wurin Allah shi ne mai tsananin husuma. Sannan a Suratuɗ Ɗalaƙ an hana a cutar da matan da aka saka don a ƙuntata musu. Ɗana Musbahu, shawarar a ja ta shekara biyu don ta gaji, ka janye ta. Ga kuma rantsuwa da aka yi a kan takardar da aka san ba ta cika ba, wannan ma abin tuba ne, kowace irin kotu ce.

Hajiya Binta:
Allah ya gafarta Malam, rabin farko ban gamsu ba. Yarinyar nan ta bar iyayenta, ta zauna a ƙasar da ba uwa ba kaka ba 'yar aiki, ta yi rainon yara uku shi yana fita aikin dare yana tara kuɗin gini. Ku tambayi duk wanda ke nan Amurka nawa ake biyan gidan raino a wata kan yaro ɗaya. Da biya ya yi, da ko bulo ɗaya bai ajiye a Kano ba. A gida in an sake ta tana da ɗakin uwarta. A nan ina za ta?

Malam Auwalu:
Hajiya, ban ce a kore ta hannu rabbana ba. Akwai mut'a, akwai ciyar da yara da mazauninsu, akwai ladan shayarwa da raino, kuma an ce a rabu da kyautatawa. Abin da na ce shi ne rabi da rabi ba ma'aunin Shari'a ba ne. Wannan magana ce mai tsawo, a buɗe mata nata zaure.

Maman Ilham:
Ni an yi mini abin da Musbahu yake cewa, shi ya sa na kasa yin shiru. Baban yarana duk hukuncin da aka yi sai ya sake shigar da wata takarda. Lauya a nan da awa ake biyansa, kuma a kasa awar kashi goma, wato kowane minti shida kuɗi ne. Ya karanta wasiƙar lauyan ɗaya ɓangaren, kuɗi. Ya amsa, kuɗi. Ƙarshen wata takardar bashi ta zo layi-layi, kowane kiran waya da kwanan watansa. Ina aikin kula da tsofaffi, in tashi da asuba in zauna cikin mota ina cika fom FL-150 na samu da kashewa, in liƙa takardun albashin wata biyu, saboda sai da shi alƙali zai duba roƙona. Ba don sashen nan na 2030 ba, da lauyana ya ajiye ni, da na sa hannu a kan duk abin da aka miƙo mini, har da riƙon yara. Mutane na ganin kamar kuɗin aljihun mace yake shiga. Ko sisi ban gani ba, kai tsaye ofishin lauya ya tafi. Kuɗin makarantar yaranmu ne muka ƙone mu biyu.

Baban Walid:
Allah ya saka miki, Maman Ilham, na ji. Barista, har yanzu ina jiran amsar tambayata ta farko. In ya ɗaukaka, biyan zai tsaya?

Barista Hadiza:
Ba ya tsayawa don kawai an shigar da takarda. Kuɗin yara da na ciyarwa suna ci gaba, abin da ya taru kuma yana hawa da ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara. Ga wani abu da ya shafi mutanenmu sosai: bashin kuɗin yara in ya wuce dala 2,500, gwamnatin tarayya na iya hana mutum fasfo na Amurka, ita kuma jiha tana iya riƙe lasisin tuƙin wanda ya makara da biya. Hukuncin dunƙulallen kuɗi kuwa, in ana so a dakatar da shi sai an ajiye jingina, wadda ta hannun kamfanin lamuni ninki ɗaya da rabi ce ta kuɗin. Wanda kuma ya ƙi bin umarnin kotun ƙasa, kotun sama na iya korar ƙararsa ba tare da ta saurare shi ba. Haka aka yi a shari'ar Hofer a 2012: miji ya ƙi bayyana dukiyarsa, aka ce ya biya lauyan matar, ya ɗaukaka, aka ce wanda ya hana kotu ganin aljihunsa ba zai zo yana kukan an yi masa kuskuren lissafi ba.

Sai a fahimci me kotun ɗaukaka ƙara take yi. Alƙalai uku ne, ba sa kiran shaidu, ba sa karɓar sabuwar hujja. Kwafin abin da ya gudana a ƙasa suke karantawa su nemi kuskuren doka. A batun kuɗin lauya da tara ma'aunin ya fi tsauri, sai an nuna alƙali ya wuce gona da iri har babu alƙali mai hankali da zai yanke haka. In babu mai ɗaukar bayanin kotu a ranar zaman, babu rubutaccen abin da aka faɗa, to ana ɗauka alƙali ya yi daidai. Kuɗin shigar da ƙarar kaɗai dala 775 ne, kafin kuɗin kwafi da na lauya.

Abin da dangi ba su lissafa ba shi ne wannan: sashe na 2030 bai tsaya a kotun ƙasa ba. Matar za ta iya komawa gaban alƙalin farko ta ce an kai ta sama, ba ta da kuɗin kare hukuncin, a sa shi ya biya. Ke nan lauya biyu zai sake ɗauka. In kuma aka ce ƙarar wasa ce, tara ta biyo baya, wani lokaci har da wadda za a biya kotun kanta. A wata shari'ar kuɗin yara ta 2008 an ambaci cewa kammala ɗaukaka ƙara guda yana cin wa kotu kimanin dala 8,500.

Musbahu:
To in lauya ne tsada, ya rubuta da kansa mana. Yanzu ChatGPT na rubuta komai.

Barista Hadiza:
Kada ya kuskura. A watan Satumba na 2025 kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ci wani lauya tarar dala 10,000 saboda maganganu 21 cikin 23 da ya ce ya ciro daga hukunce-hukunce a takardarsa na ƙarya ne, na'ura ce ta ƙago su. Wanda yake kare kansa ma da ma'aunin lauya ake auna shi.

Kuma a kula da irin lauyan da za a ɗauka. Mai zafin baki da ke cewa zai koya wa matar hankali, kai za ka biya kuɗin bakinsa, domin tarar sashe na 271 daga dukiyar mai shari'a ake cire ta, ba ta lauya ba. A shari'ar Davenport ta 2011 matar ce ta biya tarar dala 100,000 da kuɗin lauyan miji sama da dala 300,000, kuma babban dalili shi ne yadda lauyanta ya tafiyar da shari'ar da wasiƙun cin mutunci da ya riƙa aikawa.

Nura Landan:
Mu a Ingila tun daga ƙofa ake tace abin. Yawanci sai ka nemi izini kafin ka ɗaukaka, ka nuna akwai yiwuwar nasara ta gaske, kuma kwana 21 ne wa'adin. A shari'ar rabon dukiya kowa shi ke biyan lauyansa, sai wanda ya yi rashin gaskiya ko ya ƙi sulhu mai ma'ana. Tun 2013 kuma kotu na iya sa mai kuɗi ya biya wa ɗayan lauya tun ana cikin shari'a, in ya nuna ba shi da wata hanya, ko ta rance.

Barista Kabiru:
Na fahimci inda dangi suka samo tunanin. A nan gida mutum zai tashi daga kotun Shari'a zuwa babbar kotun Shari'a, zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta jiha, zuwa ta tarayya, har Kotun Ƙoli, shekaru na tafiya. Abin da ake cewa wanda ya faɗi ya biya na ɗawainiya bai taka kara ya karya ba in aka gwada da abin da aka kashe. Na ga matan da aka raba aurensu da hul'i, miji ya ɗaukaka don kawai kada ta yi wani auren cikin kwanciyar hankali. Mai kuɗi ba ya asarar komai in ya ja lokaci, shi ya sa ake ja. Da za a riƙa ɗora wa irin waɗannan cikakken kuɗin da suka jawo wa mace, da ƙararraki da yawa ba su iso sama ba.

Baban Walid:
Barista Hadiza, ke nan babu wata ƙofa sam? Dala 40,000 a dunƙule ba shi da ita, gidan can ma bashin banki ne a kansa.

Barista Hadiza:
Ban ce babu ba. A ita kanta shari'ar Flaherty soke tarar aka yi. Dala 500 aka ci lauyan, Kotun Ƙoli ta ce ƙarar ba ta yi nasara ba amma ba wasa ba ce, kuma mutum yana da damar kawo hujja mai kama hankali ko da zai yi wuya ya ci. Faɗuwa kaɗai ba ta jawo tara.

Ga abin da lauyan ɗaukaka ƙara zai duba. Shin an sanar da shi za a nemi tara, aka ba shi damar kare kansa? Doka ta wajabta. Shin tarar ta fi ƙarfinsa yadda hankali ba zai ɗauka ba? Sashe na 271 ya hana hakan, amma sai in ya kawo shaidar samunsa tun a ƙasa. Shin dala 10,000 ɗin tana da alaƙa da kuɗin da matar ta kashe wajen tono gidan? A 2016, a shari'ar Sagonowsky, an soke wani babban kaso na tara saboda ba a ɗaure shi da kuɗin lauya da na shari'a ba. Shin alƙali ya bayyana cewa akwai tazara tsakanin samunsu kuma shi zai iya biya? In ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, akwai magana. In babu, kuɗin da dangi za su haɗa gara a rage bashin da su, lauyansa ya nemi a ba shi damar biya kashi-kashi. Lauyoyi da yawa sukan yarda su rage wani abu in aka ce ba za a ɗaukaka ba kuma ga kuɗi a hannu.

Wa'adi kuma ba a ɗaga shi. Kwana 60 ne daga ranar da aka aika masa sanarwar shigar da hukunci. In ya wuce da kwana ɗaya, kotun sama ba ta da ikon saurare.

Hajiya Binta:
Baban Walid, kai ne babba. Ka kira iyayen yarinyar nan, 'ya'ya uku ne a tsakani. Amma kada a kira don a matsa mata ta yafe abin da kotu ta ba ta, lauyanta zai ji, kuma zai koma kan ƙanenka.

Musbahu:
Maganar jan lokaci na bar ta saboda Malam. Amma rabon gidan nan har gobe ban yarda adalci ba ne.

Baban Walid:
Na gode muku duka. Yanzu muka gama waya da shi, ya duba ambulan, sanarwar ta kwana 19 da fitowa. Ya ce akwai mai ɗaukar bayani a ranar da aka yi zaman tarar. Barista, kwafin zaman ta hannun lauyansa na farko zai nema, ko kai tsaye daga kotu?

Barista Hadiza:
Lauyansa ya rubuta wa mai ɗaukar bayanin gobe, yakan ɗauki makonni kafin ya fito. Ya karɓi fayil ɗinsa gaba ɗaya, haƙƙinsa ne, ya kai wa lauyan da aikinsa ɗaukaka ƙara ne, ba wanda ya yi shari'ar farko ba, ya biya kuɗin awa biyu ko uku a karanta a gaya masa gaskiya. Kuɗin yara na wannan watan kuma ya biya a kan lokaci.